Azumin da Muka Zuba Gungun Baba a Kwamfuta

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar bazara. Tun hantsi kwanon rufi yake fara ƙas-ƙas kamar ana jifansa da tsakuwa, kafin azahar kuwa ko tabarma ka taɓa sai ka ji ta da ɗumi. Ni kaɗai ne a gidan yanzu, a nan Yelwa, ba nisa da bakin ruwa. 'Ya'yan suna can inda aiki da aure suka kai su, matata Talatu kuwa shekara huɗu ke nan da rasuwarta. In na kwanta a zaure da rana ina jiran la'asar, ba abin da ke faɗo mini a rai sai wani azumi na shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. Shi ma cikin irin wannan zafi ya zo, kuma a shekarar ne kwamfuta ta shigo gidanmu.

A lokacin ni akawu ne a wurin wasu Turawa masu binciken kifi a tafkin Kainji. Aikina shi ne in bi masunta a bakin ruwa, daga Yauri har Wara, in rubuta irin kifin da suka kamo da nauyinsa, in dawo ofis in shigar a na'ura. Saura 'yan kwanaki a ga wata aikinsu ya ƙare, suka tattara nasu ya nasu. Babbansu ya ce kwamfutar ta tsufa, ba ta isa a hau jirgi da ita ba, in ɗauke ta. Haka na dawo gida da kwali uku a amalanke, kuma ba ni da aiki.

Ba irin ta yanzu ba ce. Akwati ne fari da ya soma rawaya, nauyinsa ya kai rabin buhun gero, allonta kuma da ƙatuwar ƙeya kamar tsohuwar talabijin. In ka kunna ta sai ta yi ta gurnani, ta ƙirga wasu lambobi a kusurwa kamar mai jan carbi, ta yi ƙara sau ɗaya, sannan allon ya tsaya baƙi ƙirin. Ba komai a kai sai harafin C da wata 'yar gajeriyar alama tana ƙyaftawa. Babu hoto, babu abin taɓawa. Jiranka take ka faɗa mata abin da kake so a rubuce, in ka kuskure harafi ɗaya ta ce ba ta gane ba. Na haddace umarnin nan kamar yadda na haddace karatun allo. Ina son wannan jira nata. Sai ka yi awa guda a gabanta, ba za ta kawo maka abin da ba ka tambaya ba.

Mu huɗu ne a gidan: ni, da Talatu, da 'yarmu Rabi tana goye, sai mahaifina. Baba masunci ne, Bagunge, an haife shi a wani gungu, wato tsibiri, a tsakiyar kogi wanda ruwa ya cinye lokacin da aka gina madatsa. Ni ma can aka haife ni, ina da shekara takwas aka kwashe mu. A shekarar da nake ba da labari ƙafafun Baba sun kumbura, rabonsa da shiga kwalekwale ya kai shekara biyu.

Shekara ce mai wuya. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai yi ido ba. Tafki ya ja baya, ya bar laka tana tsagewa da warin ruɓaɓɓiyar ciyawa, kifi ya gudu zurfi. Masunta su fita da asuba su dawo da abin da bai rufe gindin kwarya ba. Buɗa-bakinmu kunun tsamiya ne tsararo, da dafaffen rogo, ranar da aka yi sa'a a samu 'yan ƙananan kifin nan da ake shanyawa a rana. Da sahur ɗumamen tuwo, ran da babu a sha ragowar kunu a sha ruwa.

Wuta kuma sai hantsi ake kawo ta, a ɗauke jim kaɗan bayan azahar, daidai lokacin da rana ta fi zafi. Fanka ɗaya muke da ita, ta tebur. Kwamfutar nan ta saba da sanyin ofis, in ta ɗau zafi sai ta sandare, ko me ka danna ba za ta motsa ba. Dole na juya fankar ina fifita mata baya. Ranar farko Talatu ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu.

"Malam, mu da ke azumi ba mu samu hwanka ba, sai wagga da ko sallah ba ta yi?"

Ta faɗa, amma kafin in ba ta amsa ta je ta jiƙa wani tsohon buhu ta rataya a taga don iska ta shigo da ɗan sanyi. Daga baya ma ita ta ɗinka wa na'urar mayafi da ragowar atamfa.

Kwanakin farko ba abin da nake yi a gabanta sai buɗe tsofaffin sunayen kifi in rufe, don kawai kada in zauna haka. Maƙwabta suka zo kallo, suka ga ba hoto ba waƙa, suka daina zuwa. Baba ne kaɗai bai daina kallo ba, daga tabarmarsa a gindin bango. Ran biyar ga wata ya kira ni da sunan da yake tsokanata da shi.

"Akawu, mi kake zuba mata?"

"Da dai sunayen kifi ne, Baba."

"Tana mantuwa?"

"In an adana abu a cikinta, ba ta mantawa."

Washegari ana kawo wuta sai na ji jan tabarma. Ya rarrafo har cikin ɗakin, ya jingina da bango yana haki.

"To zuba mata garinmu," in ji shi.

Da Hausa ya fara, amma bai yi nisa ba harshensa ya koma Gunganci, bai ma san ya koma ba. Nan na tsaya. Ni makarantar kwana ta cinye mini yaren, abin da ya rage mini bai wuce gaisuwa da cinikin kifi ba. Talatu kuwa a wurin kakarta ta tashi, a ɗaya daga ƙauyukan da aka gina wa mutanen gungu wajen Shanga. Na kira ta. Ta zo da muciya a hannu, ta durƙusa a bakin ƙofa, ta mayar mini da abin da ya ce. Daga ranar aikin ya zama na mutum uku.

Tsarin yininmu ya canza. Talatu ta yi daka da sassafe tun kafin rana ta ɗaga, ta jiƙa tsamiya, ta cika randa. Ni in share ɗaki, in yaye mayafin na'ura, in zauna ina kallon ƙwan fitila. Da ya kawo haske sai in ce, "An kawo!" Baba ya jawo tabarma, Talatu ta gyara goyo ta zauna. In rubuta umarni, baƙin allo ya koma shuɗi, wurin rubutu ya buɗe. Baba ya faɗa, Talatu ta juya, ni in buga. Madannan suna da tauri, suna ƙara kamar ana fasa gyaɗa. Ba su da ƙ, ba su da ɗ, ba su da ɓ, sai in buga harafin in ɗora masa 'yar waƙafi a sama. Sunan fayil kuma bai wuce harafi takwas, don haka na sa GUNGU1, GUNGU2, haka har gaba. In an kusa ɗauke wuta sai in kwafe aikin a faifai. Guda huɗu Turawan suka bar mini, baƙaƙe, faɗinsu kamar tafin hannu, in ka tura ɗaya a bakin na'urar sai ka ji tana tauna shi.

Baba bai ba da labari yadda ake ba da tatsuniya ba. Gida-gida ya bi. Ya fara daga mashaya inda ake ɗaure kwalekwale, ya shiga gidan Sarkin Ruwa, ya faɗi matansa da 'ya'yansa, ya fito ya shiga gidan maƙeri. Ya faɗi inda ake dashen albasa a kan rairayi in kogi ya janye, da wanda ya fi kowa iya ban ruwa da ƙwarya. Ya faɗi wurin da dorina ke fitowa, da dutsen da mata ke wanki a kai, da gurgun da ke saƙa taru a gindin kuka. Wani lokaci ya yi dariya shi kaɗai, Talatu ta tambaye shi, su yi ta dariya su biyu ina zaune da yatsu a kan madannai ina jiran rabona.

Zufa tana bin gwiwar hannuna tana ɗiga a ƙasa. Ɗakin yana warin roba mai zafi da jiƙaƙƙen buhu. Leɓunan Baba suka tsage, harshensa yana mannewa, sai ya tsaya ya haɗiyi yawun da babu. Na ce masa marar lafiya an ɗauke masa azumi. Ya ce shi bai ji an ɗauke masa ba. Talatu ma, ga shayarwa, ta rame har wuyanta ya fito, amma ko sau ɗaya ba ta ce a bari sai gobe ba.

Akwai gida ɗaya da Baba yake tsallakewa, namu. Innata ta rasu a gungun ina da shekara shida, ƙanwar Baba ce ta raine ni. Abin da na riƙe na Inna bai wuce warin hayaƙin banda a zanenta ba, da wani awarwaro da ke ƙara in tana daka. Ban taɓa jin Baba ya ambaci sunanta ba, ni kuma ban taɓa samun fuskar tambaya ba.

Ran ashirin da uku ga wata aka tashi da wani irin zafi mai nauyi. Hadari ya taru a gabas ya tsaya, ba iska ba ruwa, ko ganye ba ya motsi. Baba ya zauna, ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya yi magana a hankali. Talatu ta dube shi, ta dube ni, ta sunkuyar da kai.

"Malam, ya ce rubuta: Kulu."

Sunan Innata ke nan. Ya faɗi yadda ya fara ganinta tana tuƙa kwalekwale ita kaɗai da lodin albasa, ruwa na ja tana ja. Ya faɗi ɗakin da ya gina mata, da yadda ba ta cin kifin da ba shi da ɓawo, da waƙar da take yi mini. Ya faɗi ranar da naƙuda ta zo mata da gardama, kogi ya cika, ba halin ƙetarewa, ta tafi ita da abin da ke cikinta. A tudun gungun aka binne ta. Da ma'aikata suka zo kwashe mutane ya tambaye su kaburbura fa, suka ce ruwa zai rufe. Sai ya faɗi abin da ban taɓa sani ba. Duk shekara, tun daga lokacin har ƙafafunsa suka hana shi, yakan tuƙa shi kaɗai ya je ya tsaya a kan wurin. Ya ce ya auna shi da alamu uku tun kafin ruwa ya hau, ya kuma faɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Ina ta bugawa. Talatu tana juya mini, ta tsaya, ta ci gaba. Kullum nakan adana aiki bayan kowane ɗan lokaci, amma ran nan ban tuna ba. Na kusa awa biyu ban ɗaga yatsa daga rubutu ba.

Sai iska ta taso gaba ɗaya, ta buga ƙofa, ta yar da buhun taga. Fanka ta rage gudu. Shuɗin allon ya tattare ya koma ɗigo fari a tsakiya, ɗigon ma ya ɓace.

Ba ka jin komai sai kwano yana kaɗawa.

"Ta riƙe?" in ji Baba.

Na so in ce ta riƙe. Bai iya karatu ba, ba zai taɓa ganewa ba. Amma bakina da azumi, ga idonsa a kaina.

"Ba ta riƙe ba, Baba. Ban adana ba. Laifina ne."

"Kai ka ce ba ta mantuwa."

Bai ɗaga murya ba. Ya dafa bango, ya ja jikinsa ya fita, ya bar tabarmar a nan. Hadarin kuma ya watse ko ɗigo bai sauke ba.

Iskar ta kayar da turakun wuta a unguwarmu, sai da aka kwana biyar ba a kawo ba. Ran da aka kawo zazzaɓi ya riga ya kwantar da Baba. Na durƙusa kusa da shi na ce ko zai maimaita, ko da alamun nan uku ne kawai. Ya juyar da kai.

"Na hwaɗi sau guda, Akawu. Ba ni da ƙarhin na biyu."

Aka yi sallah, ba mu ɗinka komai ba sai 'yar riga ga Rabi. Kwana tara bayan sallah, da hantsi, Baba ya cika. Muna maƙabarta ruwan farko ya sauko, manyan ɗigo masu ɗumi, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan nata. Mutane suna cewa ya yi sa'a. Ni ina tsaye ruwa na dukana, ba abin da nake gani sai farin ɗigon nan yana ɓacewa.

Na rufe kwamfutar da mayafinta, ban ƙara waiwayarta ba. Na karɓi aron gona wajen Ngaski, ina fita da fartanya hannuna na yin kanta. Bayan an yi sadakar arba'in, wata safiya an kawo wuta ina zaune a zaure, sai Talatu ta leƙo.

"Malam, taho ka kunna ta."

"In rubuta mi?"

"Ai ta bakina ya bi. Duk abin da Baba ya hwaɗi sau biyu na ji shi, na ji da Gunganci, na ji da Hausa. Tun ran nan nike bitarsa in ina daka, don kar ya zube."

Na bi ta ɗaki. Ta riga ta yaye mayafin, ta juya fanka. Ta zauna a wurinta na bakin ƙofa, tabarmar Baba tana naɗe a kusurwa. Ta fara daga kwalekwalen albasa, ba ta tsallake komai ba, har inda Baba ya tsaya ya haɗiyi yawu ita ma sai ta tsaya. Duk bayan layi uku ko huɗu sai ta katse.

"Ka adana?"

"Na adana."

"In gani."

Sai na danna a gabanta, ta ji na'urar ta yi gurnaninta, sannan ta ci gaba. Kafin azahar muka gama. Na sa wa fayil ɗin suna INNA, na kwafe shi a faifai duka huɗun.

Daga baya na samu aikin buga takardu a wata makarantar sakandare. A can na fitar da rubutun gaba ɗaya a firinta mai ƙara kamar injin niƙa, a doguwar takarda mai huji-huji a gefe. Sababbin kwamfutoci suka zo, masu hotuna da launi da ɗan linzamin da ake ja a tebur. Na koye su, na ci abinci da su har na yi ritaya, sun fi sauri ba gardama. Tawa ta gida ta ƙara shekaru tana aiki, Rabi da ƙannenta duk a kanta suka koyi haruffa. Wata damina na kunna ta, ta yi gurnani, ba ta ƙirga lambobinta ba. Mai gyara ya ce ko a Kano ba za a samu kayanta ba. Yanzu waya ce a hannuna, Rabi ta saya mini. Ita ba ta jira. Tun kafin in tashi daga barci ta tara mini maganganun mutanen da ban sani ba, in na yi kuskure ta gyara mini zuwa abin da ban nufa ba.

Ni da Talatu mun sha cewa za mu je wurin nan. In damina ce mu ce ruwa ya yi yawa, in rani ne mu ce sai yara sun yi hutu. Har ta kwanta ciwonta ba mu je ba.

Ranar Talatar da ta wuce, bayan sallar asuba, na ɗauki takardar na gangara bakin ruwa. Na samu Isiyaka, wani magidanci mai jirgin inji da mahaifinsa ya yi kamun kifi tare da Baba. Na ce masa kabarin Innata nake nema, na karanta masa alamun. Ya saurara, ya ce mu je mu gani.

Muka yi kudu. Rana ta ɗago, ruwan ya koma kamar faranti, hasken yana soka ido. Maƙogwarona ya bushe tun ba mu yi rabin tafiya ba. Alama ta farko dutse ne mai kai biyu a yamma, Baba ya ce a tafi har sai tsagar da ke tsakaninsu ta buɗe an ga sama ta ciki. Muka ga ta buɗe. Ta biyu farar gaɓa ce a gabas, a sa ta daidai kafaɗar hagu. Isiyaka ya juya jirgi har ta zo. Ta uku wata doguwar giginya ce ita kaɗai a bakin gaɓa, a sa ta a gaban goshi. Muka duba, muka sake dubawa. Gonaki ne a wurin, da rufin kwano yana walƙiya. Babu giginya.

Isiyaka ya kashe inji. Jirgin ya yi ɗan lilo ya tsaya.

"Baba, nan ne?"

"Biyu sun yi daidai. Ta ukun an sare ta."

Ya dubi ruwan, ya dubi takardar da ke hannuna.

"To mu yi mata addu'a a nan. Ba ta yi nisa ba."

Muka ɗaga hannu. Na yi wa Inna addu'a, na kira ta da sunanta, na yi wa Baba, na yi wa Talatu. Da muka shafa na sunkuya na tura hannuna cikin ruwan har gwiwa. Sama da ɗumi, amma can ƙasa da sanyi. Na daɗe a haka.

Isiyaka ya kama igiyar inji.

"Mu koma, Baba? Rana na yi."

Na ce ya ɗan dakata tukuna.